Faifai ba ya mantuwa: fashin baƙi kan kurakuran haɗa RAID da mdadm

Faifai biyu ne a hannunka, kowanne mai terabait 4. Ka ɗaura su a kwamfutar da za ta riƙe fayilolin ofis, ka yanka wa kowanne fatishan guda, wato yankin faifai da aka ware, ka buɗe tagar umarni ta Linux don haɗa su su zama RAID, wato su yi aiki tamkar faifai ɗaya, ka buga:

mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 /dev/sdb1 /dev/sdc1

Kana jiran a ce aiki ya kankama, sai ga amsa: "cannot open /dev/sdb1: Device or resource busy". Ma'ana, akwai mai riƙe da faifan. To wa? Kai dai ba ka ɗora shi ba, ba ka buɗe komai a kansa ba. Daga nan ne mutane da yawa kan shiga intanet, su kwaso duk umarnin da suka ci karo da shi, su dinga jefa wa na'urar ɗaya bayan ɗaya. In faifan fanko ne, lokaci kawai aka ɓata. In kuwa akwai takardun albashi da hotunan shekara goma a ciki, wannan jefe-jefen shi ke cinye su, ba saƙon kuskuren ba.

Abin da nake so ya zauna maka tun daga farko shi ne, umarnin wannan aiki kashi biyu ne. Akwai masu dubawa kawai, ba sa taɓa komai: cat /proc/mdstat, lsblk -f, mdadm --examine, mdadm --detail, smartctl -a, dmesg. Akwai kuma masu rubutu a kan faifai: --create, --zero-superblock, --add, --grow, wipefs -a, mkfs, fsck. Na farkon ka buga su sau ɗari, babu abin da zai lalace. Na biyun kuwa, wasu daga cikinsu in sun yi ɓarna ba a komawa baya. Duk matsalar da zan ambata a nan, da na farkon ake gano ta.

Tukuna dai, mene ne ma ake haɗawa? Sunan RAID ya bazu ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka gabatar a 1988, inda suka nuna cewa tarin ƙananan fayafayai masu araha na iya tsayawa a madadin babban faifai guda mai tsada, muddin an yi tanadin ranar da ɗaya zai mutu. RAID 1 madubi ne: abin da aka rubuta a nan, shi aka rubuta a can. RAID 0 raba bayanai yake tsakanin fayafayai don gudu, ba shi da wani tanadi, mutuwar ɗaya mutuwar duka ce. RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, yana ajiye wani lissafi na cike giɓi wanda da shi ake maido da abin da ke kan faifai ɗaya in ya faɗi. RAID 6 yana jure faɗuwar biyu, amma sai da huɗu aƙalla. Akwai masu sayen kati na musamman ya yi wannan aiki. A Linux kuwa wani sashe na kanel, wato zuciyar tsarin, mai suna md ne ke yi, kuma mdadm, wanda Neil Brown ya fara rubutawa a 2001, shi ne linzamin da ake juya shi da shi.

Katin shaidar da ke jikin kowane faifai

Da zarar ka sa faifai cikin haɗaka, wato rukunin fayafayan RAID, mdadm yakan rubuta masa wani ɗan bayani a jiki, abin da masu aikin ke kira supabulok. Ni katin shaida nake ce masa. A ciki akwai lambar haɗakar, da matakin RAID, da adadin 'yan ƙungiyar, da matsayin wannan faifai a layi, da kuma wani ƙidayau mai suna Events da zan dawo kansa. Katin yana da fasali huɗu. Tsohon, 0.90, da kuma 1.0 a ƙarshen faifai suke zama. 1.1 a farko-farko. 1.2, wanda shi ne ake samu yanzu in ba ka zaɓi wani ba, yana nesa da farkon fatishan da kilobait 4.

Goge fatishan ba ya goge wannan kati. Wannan ita ce gaɓar da ta fi rikita mutane, kuma dalilin mai sauƙi ne. Jadawalin fatishan taswira ce kawai. In ka share ta, filin yana nan yadda yake. Kuma manhajojin yanka faifai na yanzu kusan duk daga sekta ta 2048 suke fara fatishan na farko (sekta ita ce ɗan gurbin da faifai ke ajiye bayani a ciki). Don haka sabon fatishan ɗinka a daidai inda tsohon ya fara shi ma zai fara, kilobait 4 daga nan kuma tsohon katin na kwance yana jira. Linux na ganinsa, sai ya yi hanzarin tayar da tsohuwar haɗakar da kansa, ya riƙe faifan. Mai riƙon da kake nema ke nan.

Buga cat /proc/mdstat. Sau da yawa za ka tarar da layi mai kama da "md127 : inactive sdb1", da harafin S a gefensa. Kafin ka kashe shi, duba mdadm --examine /dev/sdb1, ka karanta ranar da aka ƙirƙiri haɗakar da sunan kwamfutar da ta fito. In gwajin da ka yi jiya ne, ko kuma faifan gwanjo ne da ya zo da tarihin wani ofishi a Turai, sai ka tsayar da ita da mdadm --stop /dev/md127, sannan ka share katin da mdadm --zero-superblock /dev/sdb1. In kuwa sunan da ka gani na tsohuwar sabar gidanku ne, wato kwamfutar da ke riƙe muku fayiloli, dakata, ka nemi wanda ya san abin da ke ciki.

In /proc/mdstat bai nuna komai ba, lsblk -f zai fallasa sauran masu riƙon. Kalmar LVM2_member na nufin LVM, wani tsarin Linux na sarrafa filin fayafayai, shi ne ya kama shi. Wani lokaci fatishan ɗin swap ne da ke aiki, wato filin faifai da Linux ke amfani da shi a matsayin ƙarin RAM. A wasu sabobin, manhajar multipath ce ke cafke faifai tun wajen tashi. Umarnin dmsetup ls zai nuna maka. Sai kuma isw_raid_member ko ddf_raid_member, waɗanda ke nuna faifan ya taɓa zama ƙarƙashin RAID na babban allon kwamfuta, irin Intel RST, ko na wani katin saba. Su waɗannan a can ƙarshen faifan suke ɓoye bayanansu, shi ya sa ko fomat aka yi ba sa tafiya. wipefs /dev/sdb shi kaɗai, ba tare da wani ƙari ba, jero maka tamburan da ke jiki kawai zai yi. Sai ka ƙara masa -a yake gogewa. Shawarata, in da mdadm za ka yi aiki, shiga BIOS ka tabbatar SATA na kan AHCI, kada shugabanni biyu su taru a kan faifai ɗaya.

Kafin duk wani umarnin gogewa, kada ka yarda da harafi. sdb na yau na iya wayar gari sdc, domin haruffan bisa wanda ya riga amsawa ake raba su. Filashi ɗaya da aka manta a jiki ya isa ya sauya layin. Buga ls -l /dev/disk/by-id, ka gwada lambar da ka gani da wadda ke manne a bayan faifan.

Abubuwan da ke kama da kuskure alhali ba shi ba ne

Wasu saƙonnin tambaya ce kawai. "appears to contain an ext2fs file system" ko "appears to be part of a raid array", sannan "Continue creating array?" mdadm ne ke ce maka ya ga kaya a ɗakin, ka tabbata kana so a share? Karanta kafin ka danna y.

Wanda ya haɗa RAID 5 karon farko kuwa, gabansa kan faɗi in ya duba ya ga [UU_] da kalmar recovery, kamar sabon faifai ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Lafiyarsa ƙalau. Da gangan mdadm ke tayar da RAID 5 da giɓin faifai ɗaya, ya ɗauki na ƙarshen a matsayin ɗan jiran gado, ya gina shi daga sauran, don hakan ya fi sauri. In ya gama za ka ga [UUU]. Haka nan in ka ga auto-read-only tare da resync=PENDING, haɗakar jira take a yi mata rubutun farko; mdadm --readwrite /dev/md0 zai tashe ta.

Jinkirin daidaitawar farko ma ba ciwo ba ne. Faifan terabait 4 da ke gudun megabait 150 a daƙiƙa zai ci sama da awa bakwai kafin a bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Kanel na da iyaka biyu a /proc/sys/dev/raid/, ta ƙasa 1000, ta sama 200000, duk a kilobait cikin daƙiƙa, kuma yakan rage gudu in ana amfani da faifan. Amma in na'ura na zaune ba ta komai, gudun kuma ya zube ƙasa warwas ya ƙi tashi, wannan wata magana ce, tana tafe a gaba.

Bayan an kashe an kunna

Ka gama, ka yi mkfs, wato fomat, ka sa /dev/md0 a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abin da za a ɗora wajen tashi, ka sake kunna kwamfuta, sai ta tsaya a yanayin gaggawa tana neman kalmar sirrin root. In ka shiga, md0 ya ɓace, md127 ya maye gurbinsa. Babu abin da ya sami bayananka. Abin da ya faru shi ne, akwai wani ɗan ƙaramin tsari mai suna initramfs da ke tashi kafin babban tsarin, shi ke fara haɗa fayafayan. In bai tarar da sunan haɗakarka a rubuce ba, sai ya ɗauke ta baƙuwa, ya ba ta lamba daga 127 zuwa ƙasa.

Gyaran taki biyu ne, kuma na biyun ake mantawa. Na farko, a rubuta haɗakar a fayil ɗin saiti:

mdadm --detail --scan | sudo tee -a /etc/mdadm/mdadm.conf

Wannan wurin na Debian da Ubuntu ne. A Fedora da dangin Red Hat /etc/mdadm.conf ne. Buɗe fayil ɗin da idonka bayan haka, domin in ka yi gwaji sau uku, za ka iya tarar da layukan ARRAY uku duk suna iƙirarin su ne md0, biyu da lambobin haɗakar da ta riga ta mutu. Share tsofaffin. Taki na biyu, a sabunta initramfs don ya ɗauki kwafin fayil ɗin: update-initramfs -u a Debian da Ubuntu, dracut -f a ɗaya ɓangaren.

A fstab kuwa, daina amfani da /dev/md0 gaba ɗaya, sa UUID, wato doguwar lambar shaida da ba ta sauyawa da sauyin suna. Sai dai a kula, UUID biyu ne a nan, kuma na ga ƙwararru ma sun musanya su. Wanda mdadm --detail ke nunawa, mai ɗigo biyu-biyu a tsakani, na haɗakar ne, gidansa mdadm.conf. Wanda fstab ke so na tsarin fayil ne, blkid /dev/md0 ke ba da shi. In haɗakar ta ajiya ce kawai, ba a kanta Linux yake ba, ƙara nofail a layin, don kada matsalarta ta hana kwamfutar tashi.

In kuma a kan haɗakar kake so Linux ɗin kansa ya zauna, ka san cewa manhajar UEFI ta babban allo ba ta san wani abu wai shi md ba. Galibi tsarin fayil na FAT kawai ta iya karantawa a fatishan ɗin EFI, inda fayilolin tayar da na'ura suke. In ka sa wannan fatishan cikin madubi mai kati 1.2, katin zai zauna a gaba ya tare mata hanya. Wasu kan kauce da --metadata=1.0, katin ya koma ƙarshe, kowane ɓari ya yi kama da FAT zalla. Yana aiki, amma duk ranar da allon ya yi rubutu a ɓari ɗaya ba da sanin md ba, madubin ya saɓa. Ni na fi son kowane faifai ya sami nasa fatishan ɗin EFI daban, a girka GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a kowanne. A tsohon tsarin BIOS ma haka: grub-install a kan sda, a kuma maimaita a kan sdb. In ba haka ba, ranar da sda ya mutu, bayanai na nan lafiya lau a sdb amma babu mai tayar da na'urar.

Akwai kuma masu ba mdadm faifai sukutum, /dev/sdb ba /dev/sdb1 ba. Ya halatta, sai dai akwai rami. Tsarin GPT yana ajiye jadawalinsa a wuri biyu, farko da ƙarshen faifai. In faifan ya taɓa ɗaukar GPT kuma ba a goge na ƙarshen ba, wasu allunan kan ga kamar na farkon ne ya lalace, su yi maka gwaninta su maido shi daga na ƙarshen. Jadawalin kuwa ya mamaye sekta 34 na farko, wajen kilobait 17, katin 1.2 kuma yana kilobait 4. An taka shi ke nan. Windows ma in ya ga irin wannan faifai, tayin shirya maka shi zai yi. Yanka fatishan, ba shi nau'in fd00 a gdisk, kuma ka bar kamar megabait 100 fanko a ƙarshe. Fayafayai biyu da aka rubuta wa girma ɗaya ba lallai adadin sektocinsu ya zo daidai ba, kuma ranar canji, in sabon ya gaza ko da kaɗan ne, amsar da za ka samu ita ce "not large enough to join array".

Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu

Mu da ke zaune inda wuta ke tafiya ba sallama, a sauya zuwa janareta, a dawo, wani lokaci sau da yawa a yini, wannan sashe namu ne.

Duk lokacin da wani muhimmin abu ya sauya a haɗaka, md yakan ƙara lambar Events a katin kowane faifai. Masu tafiya tare lambarsu ɗaya. In wani ya yanke, ko don waya ta saki, ko wuta ta yi ƙasa ya kasa juyawa, tasa lambar sai ta tsaya, ta sauran ta ci gaba. A tashi na gaba dmesg zai nuna "kicking non-fresh sdc1 from array", wato an kore shi saboda labarinsa ya tsufa. A RAID 1 haɗakar za ta tashi da ƙafa ɗaya, [U_]. A RAID 5 da ya rasa biyu, ba za ta tashi ba sam. In kuma ya riga ya rasa ɗaya sannan wuta ta yanke ana rubutu, za ka ga "cannot start dirty degraded array". Ƙin tashin nan kariya ce: akwai yiwuwar an rubuta bayani ba a kai ga rubuta lissafin cike giɓinsa ba, kuma da wannan lissafin ne za a ƙago abin da ke kan faifan da ya ɓace.

A nan ne nake roƙonka ka janye hannunka daga allon rubutu na ɗan lokaci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Fara da mdadm --examine a kan kowane ɗan ƙungiya, ka adana amsar a filashi ko ka ɗauke ta hoto da waya. Kwatanta Events, da Update Time, da Device Role, da Array State. Daga nan za ka san wa ya fara faɗuwa, da yaushe. In tazarar lambobin 'yar kaɗan ce, kuma lokutan daƙiƙu ne ko mintuna a tsakani, to tare suka faɗi, kuma bayan mdadm --stop, umarnin mdadm --assemble --force /dev/md0 tare da sunayen fayafayan yakan ɗaga lambar na bayan ya tayar da haɗakar. Ɗora ta a yanayin karatu kawai da mount -o ro, ka kwashe abin da ya fi muhimmanci kafin komai. In kuwa wani ya yi nisa da dubbai, ranarsa ta nuna watanni uku da suka wuce, wannan ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Kada ka cusa shi cikin masu rai, abin da ke kansa tsohon zance ne.

Abin da ba za ka yi ba shi ne sake buga --create a kan fayafayan da ke ɗauke da bayanai, ko da wani ya rantse maka cewa shi ya yi ta yi masa. --create sabbin katuna yake rubutawa a kan tsofaffin, shaidar da za ta cece ka ita yake fara shafewa. Kuma sabon ginin ba lallai ya hau kan layin tsohon ba. Girman gutsuren da ake rarrabawa tsakanin fayafayai a da kilobait 64 ne, yanzu 512. Tazarar da ake bari kafin bayanai su fara ta sha sauyawa daga fitowar mdadm zuwa wata. Jerin fayafayan ma in ka saɓa shi, an gama. Da zarar daidaitawa ta fara a kan lissafin da ba daidai ba, za ta bi bayanan kirki tana rubuta shirme a kansu. Garin neman gira a rasa ido. Gaskiya ne masana ceto bayanai kan yi amfani da --create tare da --assume-clean a matsayin dabara ta ƙarshe, amma a kan kwafi suke yi: su kwafe kowane faifai da ddrescue, ko su shimfiɗa wani rufi da dmsetup wanda duk rubutu zai faɗa cikinsa, asalin faifan ba a taɓa shi ba.

Abu biyu ke rage wannan wahala tun ranar haɗawa. Ɗaya UPS ko inbata mai ɗaukar kwamfutar har a kashe ta cikin natsuwa. Ɗayan kuma taswirar rubutu, wadda md ke yi wa wuraren da ake kan taɓawa alama a cikinta. In ka ga layin da ya fara da bitmap a /proc/mdstat, kana da ita; in babu, mdadm --grow --bitmap=internal /dev/md0. Da ita, faifan da ya ɗan yanke ya dawo, --re-add zai cike abin da ya wuce shi cikin mintuna maimakon a kwana ana kwafi.

Waɗanda ba sa magana ranar haɗawa

Duk kurakuran da suka gabata suna da baki, sun faɗa maka akwai matsala. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda --create zai wuce lami lafiya, a yi wata shida ana jin daɗi, sannan su bayyana a ranar da ake sake gini.

Babbansu saɓanin haƙuri tsakanin faifai da kanel. Faifan da aka ƙera don kwamfutar tebur, in ya ci karo da sekta mai wuyar karantuwa, yakan nace yana maimaitawa, har ya kai minti biyu bai ce uffan ba. Kanel kuwa daƙiƙa 30 yake jira, kamar yadda za ka gani a /sys/block/sdb/device/timeout. In shiru ya wuce haka sai ya katse layin ya sake ƙullawa. Shi md abin da ya saba yi da sekta mara kyau shi ne ya ɗauko abin daga ɗaya faifan ya rubuta a kanta, ta warke. Amma yanzu faifan ba ya amsawa, rubutun ya faɗi, sai a kore shi ɗungurungum saboda sekta guda. Bincika da smartctl -l scterc /dev/sdb. In faifan ya san wannan saiti, smartctl -l scterc,70,70 /dev/sdb zai sa ya haƙura bayan daƙiƙa 7 ya kawo ƙara. In bai san shi ba, sai a ƙara wa kanel haƙuri, a rubuta 180 a fayil ɗin timeout. Na kanel ba ya tsallake sake kunnawa, na faifan ma galibi da an ɗauke masa wuta ya manta, don haka a sa su cikin abin da ke gudana a kowane tashi.

Me ya sa sekta ɗaya ke da wannan nauyi? Takardun bayanin fayafayan gida da yawa sun rubuta cewa kuskuren karatu bai wuce ɗaya cikin bit 10 mai ƙarfin 14 ba, wato wajen terabait 12 da rabi. RAID 5 na faifai huɗu masu terabait 4, in ɗaya ya mutu, sai an karanta terabait 12 cif daga sauran ukun kafin a gina sabo. A aikace fayafayai sukan fi abin da takardar ta ce nagarta, amma kusancin lambobin biyu ya isa ya sa ni, a kan manyan fayafayai, in zaɓi RAID 6 ko RAID 10, mai haɗa madubi da rabon bayanai. Kuma shi ya sa ake sintiri: echo check > /sys/block/md0/md/sync_action yana sa md ya karanta ko'ina, ya gyara sektocin da suka fara rauni tun ana da abokin gyara. Debian ta daɗe tana yin wannan da kanta a Lahadin farko ta kowane wata. Tabbatar naka tsarin yana yi.

Sai nau'in faifan kansa. Akwai fasahar SMR, inda layukan rubutu ke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi, ta yadda gyara layi ɗaya kan tilasta sake rubuta maƙwabtansa. Irin wannan faifai yana da wani ɗan fili na karɓar rubutu da sauri; in ya cika, gudu ya zube. Sake gina RAID kuwa rubutu ne na awanni ba hutu. A 2020 ta bayyana cewa wasu fayafayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6, waɗanda aka sayar don akwatunan ajiya, SMR ne ba tare da an faɗa ba. Masu amfani da ZFS, wani tsarin fayil da ke haɗa fayafayai da kansa, suka fi jin jiki, kuma daga baya kamfanin ya fito da Red Plus don masu tsohon tsarin CMR. Nemi lambar samfurin faifanka a takardar kamfanin kafin ka biya kuɗi.

Kada kuma a ɗora wa faifai laifin waya. A smartctl -a, lamba 5 sektocin da aka riga aka sauya ne, 197 waɗanda ke jiran hukunci, 198 waɗanda suka gagara. In waɗannan na hawa, faifan ne ke ciwo. Lamba 199 kuwa kurakuran hanya take ƙirgawa, in ita ke hawa, sauya wayar SATA ko ramin da ta shiga. Faifan inci uku da rabi yana jan wuta mafi yawa a lokacin da yake fara juyawa, don haka huɗu a kan ƙaramin gidan wuta ta hanyar 'yan rabe-raben waya na iya sa ɗaya ya makara kullum. Akwatunan USB ma sukan yanke su dawo da wani harafi. Ban yarda a gina haɗakar da za a dogara da ita a kansu ba.

Haɗaka na iya tafiya da ƙafa ɗaya wata da watanni ba wanda ya sani, tun da aikinta ke nan, ta ɓoye mutuwar faifai ga masu amfani. Sa layin MAILADDR da adireshin imel ɗinka a mdadm.conf, ka buga mdadm --monitor --scan --test --oneshot, ka ga saƙon ya iso akwatinka da idonka. In bai iso ba, kwamfutar ba ta da hanyar aika imel, a gyara wannan tukuna. Kuma madubi ba kwafin ajiya ba ne: fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a take yake gogewa a faifai biyun, don haka kwafi na daban a wani wuri yana nan a wuyanka.

Kafin fayil ko ɗaya na ofis ya hau, kashe faifai guda da hannunka. mdadm /dev/md0 --fail /dev/sdc1, ka duba ko imel ya zo, sannan --remove, sannan --add, ka zauna har [UU] ya dawo. Bayan haka kashe kwamfutar, zare wayar faifan farko, ka kunna ka ga ko za ta tashi da na biyun kaɗai. Mayar da shi, a daidaita, ka maimaita da ɗayan. Ka rubuta lambar kowane faifai da ramin da yake a takarda, haɗe da abin da mdadm --detail ya nuna, ka manna a cikin murfin akwatin.